Ƙarfe Goma da Minti Goma

Mu ma'aikatan radiyo muna da wata ni'ima da ba mu cika gode wa Allah a kanta ba: ba a ganinmu. Shekara tara ina magana da mutanen Maraɗi da ƙauyukanta kowace yamma, amma sai in ratsa babbar kasuwa daga wannan ƙofa zuwa waccan ba wanda ya ɗaga kai, sai fa in na buɗe baki na taya tumatir. Akwai ranar da na gabatar da shiri da silifas ɗin wanka da rigar da ta kwana biyu a jikina, wata mai sauraro ta bugo ta ce daga jin muryata ta san ni ɗan gayu ne. Da hannuna na yar da wannan ni'ima a ƙarshen shekarar 2023, hannuna na hagu.

Duk wanda ke zaune a Nijar ya san yadda watannin nan suka kasance. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli an rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, manyan motocin da ke bi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya suka tsaya cak. Gidan radiyo mai zaman kansa da talla yake rayuwa, ɗan kasuwar da kayansa suka maƙale a hanya kuwa ba ya talla. Albashinmu ya fara zuwa rabi, daga baya ya daina zuwa. Ina da mata da ƴaƴa biyu, ga Inna a gidanmu na gado da maganin hawan jini wanda ba a fashinsa. Ana cikin haka wani abokina ya kira ni.

Benci ɗaya muka zauna da shi a lakwal. Mahaifinsa yana cikin manyan alhazan garin nan masu shigo da shinkafa da man girki, shi kuma yanzu shi ke riƙe da harkar Dubai. Ya ce ya tuna na koyi ɗaukar hoto lokacin da nake difloma ta aikin jarida a IFTIC, a Yamai, kuma yana da aikin da ba ya son ba mai hoton biki, don bakin mai hoton biki ba ya rufuwa. Yana da shafi a Instagram, ba suna, ba fuska, agoguna kawai. Hotunan da yake ɗauka da kansa ba sa yi masa kyau. Zai ba ni jikka 50 a kowane zama. Ban tambayi komai ba, na ce yaushe zan zo.

A wani ɗaki na can ciki ya buɗe mini akwatin. Agogo 14, kowanne a kan ɗan matashinsa. Abin da na fara lura da shi shi ne kowanne da lokacin da yake nunawa, kuma duk a tsaye suke in ban da biyu. Na ce batir ya ƙare ne? Ya yi dariya har da riƙe ciki. Irin waɗannan ba su da batir. Wata siririyar waya ce a naɗe a ciki, motsin hannun mai shi ke ɗaure ta, tana warwarewa a hankali tana tura ƙananan gargare. In aka ajiye agogo kwana uku ba a ɗaura ba sai ya kwanta. Ya juya mini bayan wani Omega mai gilashi, na ga wani ɗan zobe yana kai da komo kamar zuciyar tsuntsu, ya ce irinsa Buzz Aldrin ya ɗaura ya taka wata da shi a 1969. Dole in yi masa adalci: mutumin nan yana son abin nan tsakani da Allah. Ya san cewa a Landan aka kafa Rolex a 1905 kafin ya koma Janeba, ya san Submariner ya fito a 1953 don masu nutso a teku. A ƙarshen layi kuma akwai wani tsohon Seiko 5 na kakansa, duk ya karce, wanda ya ce ko nawa aka ba shi ba zai sayar ba.

Ni kuwa a hannuna akwai Casio ɗan baƙi na roba, F-91W, wanda na saya jikka uku a kasuwa, kuma ba zan rantse cewa shi ma na gaske ne ba. Da shi nake auna labarai da talla da tsawon maganar masu bugo waya. Na ce wa abokina, na karanta cewa Rolex na alkawarin kuskuren da bai wuce sakan biyu a rana ba, wato zai iya kai minti guda a wata, Casio kuma sakan 30 a wata yake alkawari. Ya dube ni ya ce, "Wa ya ce maka don sanin lokaci ake sayen su?"

Na tambayi kuɗin baƙin Submariner ɗin. Ya ce sabo a shagon kamfani ya kai kimanin yuro 10,000. Na buga a raina: yuro ɗaya sefa 656, wato sama da miliyan shida da rabi. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan a lokacin sefa 30,047 ne. Lebura zai yi shekara 18 yana aiki bai ci bai sha ba kafin ya tara. Na ajiye agogon a hankali da hannu biyu.

Ɗaukar hoton agogo ya fi ɗaukar hoton amarya wuya, don amarya ba ta haska abin da ke gabanta. Agogo madubi ne ta ko'ina: gilashin, ƙarfen gefe, sarƙar, har tsinkayen da ke nuna lokaci. Hoton farko da na ɗauka, fuskata ce da salula da fankar silin suka fito a ciki. Fitilar salula kuwa sai ta bar wani farin tabo a tsakiya ta kashe komai. A hankali na gano hanya. Muka kashe fitilun ɗaki, muka rataya farin alawayyo a taga don hasken rana ya shigo da laushi. Na sami baƙin kwali na huda rami daidai idon kyamara na ɓuya a bayansa, ta yadda abin da agogo zai gani baƙi ne kawai. A ɗaya gefen na jingina farar takarda tana mayar da haske kan ƙarfen. Rashin wutar da ya kashe mana kasuwa a wurin aiki, a nan bai dame ni ba ko kaɗan.

Babbar abokiyar gabata ƙura ce. Hunturu ya shigo, kuma ƙwayar ƙura ɗaya da ido ba ya gani, in an matso da kyamara sai ta zama kamar tsakuwa. Sai in goge da ƙyallen tabarau, in hura, in daidaita, kafin in danna wata ta sauka. Akwai hoton da na ɗauka sau arba'in da wani abu. Sannan akwai shimfiɗa: yau darduma, gobe hula mai aiki, jibi ƙaramin kofin shayi da makullin mota a gefe, kamar an watsar da su ne ba da niyya ba, alhali mun yi minti ashirin muna gardamar inda makullin zai kwanta.

A nan ne na koyi abin da tun daga ranar ban daina gani ba. Ku duba kusan kowane tallan agogo mai tsinke, za ku tarar yana nuna ƙarfe goma da minti goma ko kusa da haka. Dalilin shi ne tsinkayen biyu su buɗe sama su saka sunan kamfani a tsakiya, kada su rufe ramin kwanan wata, kuma fuskar agogon ta yi kamar tana murmushi. Kafin a ɗauka sai a jawo ɗan maɓallin gefe, tsinken sakan ya tsaya, a murɗa zuwa goma da goma. Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya. A zama na biyu na cire Casio na saka aljihu, na duƙufa, ina kewaye da agogunan da kuɗinsu zai sayi gidaje, dukansu suna ce mini goma da minti goma. Ƙarar Casio daga aljihu ce ta sanar da ni ƙarfe huɗu ta yi, saura rabin awa in shiga shiri. Da kabu-kabu na isa, ina haki.

Abokina yana da dokoki. Lambar agogo, wadda a sababbin Rolex ake zanawa a zoben ciki wajen ƙarfe shida, dole a dusashe ta, don masu yin jabu na kwafar lambobin gaske daga hotuna. Kada taga ko ƙofa ko tayil ɗin ɗaki su fito yadda za a gane gidan. Kada a saka hoto ranar da aka ɗauka. Ya ba ni labarin Charles Leclerc, direban tseren motar Ferrari, wanda a watan Afrilun 2022 a Italiya wasu suka tsayar da shi da sunan za su ɗauki hoto da shi, suka zare masa Richard Mille daga hannu. Na ce to in abin tsoro ne haka, me ya sa ake sakawa? Ya ce agogon da ba wanda ya gani, da shi da babu duk ɗaya. Daga baya na karanta cewa haka abin yake tun farko. A 1927 wata ƴar Ingila mai ninƙaya, Mercedes Gleitze, ta yi sama da awa goma a cikin tekun da ya raba Ingila da Faransa da Rolex a wuyanta, agogon bai tsaya ba, mai kamfanin Hans Wilsdorf ya sayi shafin farko na jaridar Daily Mail ya tallata.

Hotunan da mabiyansa suka fi so su ne na agogo a ɗaure a hannu. Nasa hannun kauri gare shi, ga wani tabo da duk Maraɗi ta sani. Nawa siriri ne, ba alama. Don haka ni na zama hannun. Na koya masa ya ja baya ya jawo hoton daga nesa, don in salula ta matso kusa sai agogo ya kumbura ya zama kamar faranti. Aka naɗe mini hannun shadda, aka shafa mini mai. Mutane daga Dubai da Landan da Legas suna yabon hannuna a ƙarƙashin sunan da ba nawa ba. Ba zan ɓoye ba, nauyin ƙarfen nan a wuyan hannu yana da daɗi. Mutum sai ya ji kafaɗarsa ta miƙe.

Ranar zama na uku, da muka gama, na ambata cewa ina da ɗaurin auren wani abokin aiki ranar Asabar. Ya buɗe wata durowa, ba akwatin ba, ya ciro baƙin Submariner ya ce in je da shi, in dawo da shi Litinin. Na yi ɗan ƙi na kunya, na karɓa. A wurin ɗaurin aure ba wanda ya kula sosai, hannun riga ya rufe shi. Da yamma na shiga ɗakin watsa shiri, na zauna gaban makirufo, na ga yadda hasken taga ya faɗo a kan tebur. Mako uku ina koyon wannan haske. Na tallafe haɓa da hannun hagu, na ce wa mai kula da na'ura ya ja baya ya ɗauka. Na saka a Facebook ɗina, da sunana da fuskata, na rubuta "Alhamdulillah a kowane hali." Duk dokokin abokina na karya su a danna ɗaya.

Kafin safiya an yi ta tsokaci fiye da duk abin da na taɓa sakawa. Wasu addu'a, wasu zolaya. Wani ya rubuta "Hushpuppin Maraɗi", yana nufin ɗan Najeriyar nan da ya yi suna da nuna agoguna da motoci a Instagram, aka kama shi a Dubai a 2020, kotun Amurka ta ɗaure shi sama da shekara 11 kan damfara. Na yi dariya. Ranar Lahadi mai shagon unguwarmu, wanda ke bina jikka 38 kuma bai taɓa ɗaga mini murya ba, ya tare ni da littafinsa a hannu ya ce, "Malam, tunda Allah ya kawo buɗi." Na biya shi daga kuɗin hoton, ina jin haushin da ban san wa zan ɗora wa ba.

Litinin na mayar da agogo, na wuce gaida Inna. Na lura turken akuyarta babu kowa. Akuya ce mai ciki, ta shekara huɗu a gidan. Ƙanwata ta ja ni gefe ta ce an sayar tun makon jiya, an sayi magani, don na ce albashi bai fito ba kuma Inna ta hana a sake tambayata. Jiya kuma jikarta ta nuna mata hoton, ta karanta mata abin da mutane ke cewa game da kuɗin agogon. Na shiga na durƙusa. Inna ta amsa gaisuwa, ta tambayi yara, sannan ta ce, "Na ga abin arziki. Allah ya ƙara buɗi." Ba ta ƙara komai ba. Na fara bayani, ta ce in bari, ai ba ta tambaye ni ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne akwai jikka 100 da na karɓa a zama biyun farko, na biya haya da kuɗin makarantar yara, na ce maganin Inna ya jira zama na uku, ban ko leƙa na ga nawa ya rage mata ba.

Ranar Laraba ce shirinmu na tsadar rayuwa, wanda ake buɗe layi. Akwai wani dattijo daga wajen Madarunfa da ya fi shekara biyar yana kiranmu, kullum da farashin tiyar hatsi a bakinsa. Ya yi sallama, ya ce, "Yarona, yau ba hatsi ya kawo ni ba. An nuna mini agogonka. Mu da muke jin ka, mun ɗauka kai namu ne. Ka faɗa mana wanda ya saya maka, don mu san da kunnen da za mu riƙa saurarenka." Sakan biyar na yi shiru, wanda a radiyo kamar shekara ne. Na ce, "Mun gode Baba, mu koma kan batunmu." Mai na'ura ya katse layin.

Daren nan na je wurin abokina na roƙe shi ya bari in faɗi cewa nasa ne. Ya ƙi, kuma yana da hujja: in aka san akwatin nan na gidansu ne, ba su ƙara barci ba. Sannan ya yi murmushi ya ce, "Kai ma dai. Kana tsammanin na miliyan shida zan ba ka ka hau kabu-kabu da shi? Na durowa ai jabu ne, shi nake ɗaurawa in zan shiga kasuwa." Ya ɗauko su biyun ya jera. Ɗan gilashin da ke kan kwanan wata, a na gaske yana ƙara girman lamba sau biyu da rabi, a ɗayan kuwa da ƙyar ya ɗaga ta. Rubutun fuskar ma bakinsa ba sumul ba. Na yi mako uku ina leƙen irin waɗannan abubuwa da kyamara, amma kwana biyu agogon yana hannuna ban duba ba, don ban so in duba ba.

Da farko na ji sanyi. Na ce ai shi ke nan, na aro ne, kuma na bogi ne, sai in faɗa a yi dariya a wuce. Kayan aro ba ya rufe katara, kowa ya sani. Amma da na kwanta sai tambayar dattijon ta ƙi barina, saboda akwai abin da ni kaɗai na sani. Mako biyu kafin hoton mun gayyaci wani wakilin ƴan kasuwa, wanda na san na hannun daman mahaifin abokina ne. A takardata na rubuta tambaya: shinkafar da ta shigo sito tun kafin a rufe iyaka, me ya sa ake sayar da ita a sabon farashi? Ban yi tambayar ba. Na ce wa kaina lokaci ya ƙure. Casio yana gabana a kan tebur a ranar, kuma saura minti huɗu. Ba wanda ya ce in yi shiru, ba wanda ya ba ni ko dala don in yi shiru. Kawai ina da zama na biyu a gidan nan washegari, kuma ina bukatar jikka 50.

Laraba ta gaba, da izinin shugabana, na ɗauki minti ɗaya da rabi a farkon shiri. Na ce agogon ba nawa ba ne, aro na yi, kuma jabu ne. Na ce na yi wa wani gidan ƴan kasuwa aikin hoto an biya ni, ban sanar da wurin aikina ko masu saurare ba, kuma a cikin wannan lokaci akwai tambayar da ya kamata in yi ban yi ba. Na karanta tambayar kamar yadda take a takarda, na ce ƙofa a buɗe take ga duk mai amsa. Ba wanda ya zo amsawa. Abokina bai sake kirana ba, ko da yake muna gaisawa in mun haɗu a jana'iza. Har yau wasu hotunan hannuna suna shafinsa, kuma in na gan su ina ganin sun yi kyau.

Da albashi ya fara dawowa na sayo wa Inna akuya ja a kasuwar dabbobi. Ta zagaya ta, ta duba haƙoranta, ta ce ba laifi, sai dai wannan ba ta san ta ba. Maganinta yanzu ni ke kai wa da kaina ranar ɗaya ga wata, in ƙirga abin da ya rage a gabanta.

Dattijon Madarunfa ya yi wata biyu bai kira ba. Ranar da ya dawo, ya yi sallama ya shiga farashin hatsi kai tsaye, bai ambaci agogo ba, ni ma ban ambata ba. Ƙa'idarmu minti biyu ce ga kowane mai kira. Mai na'ura ya ɗaga mini hannu ta bayan gilashi, na duba Casio na ga ya wuce da sakan 30, na yi masa alama ya bar shi ya gama.